Shekarar da Babana Ya Yi Shelar Sakin Dabbobi

Babana mai shela ne. Ba ya wani noman a zo a gani, ba ya fatauci, bakinsa ne gonarsa. Tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba, zamanin da ake rufe ƙofar ganuwa da wuri saboda mahara, babu kasuwar da ba ta san muryarsa ba daga Birnin Kudu har Gwaram. In masu gari suna da maganar da suke so ta shiga kunnen talakawa, shi ake aika wa. Sai ya rataya 'yar gangarsa, ya hau kan dutse ko ya tsaya a gindin tsamiya, ya buga, kasuwa ta yi tsit. Maganarsa ba ta da tsawo. Kafin mai fura ta gama dama wa mutum ɗaya ya sauka, amma sai a daɗe ana maimaita ta a bakin rijiya.

Abubuwan da yake faɗa ba manya ba ne. A daina wanki a bakin rijiya. A daina sa wa daji wuta don neman gafiya. Kowane gida ya ba da mutum ranar gyaran ganuwa. Kada wanda ya sare ɗorawa don ta yi masa inuwa a gona. Da faɗuwar damina ya yi shelar ɗaure dabbobi, kowa ya kama akuyarsa da jakinsa, makiyaya su tsaya a burtali. In kaka ta ƙare kuma ya yi shelar sakinsu. Ba zan ci zalinsa ba, yawancin maganganun nan gaskiya ne, kuma sun yi amfani. Na san wata rijiya a Unguwar Ya da ta daina wari saboda bakinsa.

Sai dai ni a gidan da na tashi ba a haɗiye magana sai an tauna. Innata tana sayar da daddawa a kasuwa, ina zama kusa da ita, mu ji shelar tare da kowa. A hanyar komawa gida, da tallanmu a ka, sai ta ce in faɗa mata abin da Baba ya ce. In na gama maimaitawa sai ta yi tsaki.

"Wannan ai har jakin kasuwa ya ji. Me bai ce ba?"

A wurinta na koyi kallon wanda ya tsaya a bayan mai magana, ba mai maganar kaɗai ba. Wata rana Baba ya yi shela mai daɗi a kan wani kududdufi da ake haƙar ƙasar gini a bayan gari. Ya ce a daina haƙa, ramin ya yi zurfi, yara za su faɗa. Har ya kwatanta uwa tana neman ɗanta da yamma, mata suka yi ta salati. Ni ma na ji tsigar jikina ta tashi. Inna ta ce, "Kin ga mai farar hular nan da ya tsaya a bayansa yana gyaɗa kai? Garkar tabarsa tana bakin ramin." Kafin rani ya ƙare an kewaye kududdufin da ƙaya, mai farar hula yana ban ruwa shi kaɗai. Yara kuwa suka ci gaba da tsallake ƙayar suna wanka, babu wanda ya sake yin shela a kansu.

Da haka na gane yadda Baba yake gina maganarsa. Yakan fara da abin da ba mai musu a kai, ya ja mutane su ce "haka ne" har bakinsu ya saba. Ba ya cewa wane ne ya ce, sai dai "an ce a gaya muku". In abin da ya ɗauko mai ɗaci ne, sai ya tsokani wanzamin gari ko mahauci a yi dariya, a cikin dariyar ya zura shi, kamar yadda ake ba yaro maɗaci a cikin zuma. Amma babban abin da Inna ta nuna mini yana ƙarshe. Al'adarmu ita ce, in mai shela ya gama sai ya tambaya, "Akwai mai magana?" Duk mai ƙorafi a nan zai tashi. In an ɗaga hannu an shafa fatiha, magana ta ƙulle, ba mai kwance ta. To, in maganar yasar rijiya ce, wadda ba ta taɓa kowa, Baba yakan yi tambayar ya tsaya, ya shafa gemu, ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har mutane su ƙosa. In kuwa maganar an riga an gama ta a zaure, tambayar tana bakinsa hannuwansa suna hanyar sama. Inna ta ce in bar sauraron bakinsa a nan, in dubi hannunsa.

Ina son mahaifina, in faɗi gaskiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake ce mini, kuma bai taɓa dawowa daga kasuwar nesa ba tare da ya ɓoye mini ɗan goriba ko alewa a aljihu ba. Sanin dabarunsa bai rage mini sonsa ba. Nakan ji alfahari ma, kamar 'yar maƙeri da ta san yadda ake lanƙwasa ƙarfe. Ban taɓa zaton ƙarfen zai zo wuyana ba.

Na yi aure a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, tsakanin Sara da Zandam. Maigidana manomi ne na ƙwarai, ba ya ƙyuya, ba ya faɗa, ba ya cin na wani. Aibinsa ɗaya, kunya ta yi masa yawa har ta zuba. Kowa ya san suruki abin kunya ne, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a mayar masa da magana. Amma nawa ya wuce gona da iri. In ya hango Baba daga nesa sai ya cire takalmi ya tsuguna, ko da a kan ƙaya ne, ya zauna a nan har Baba ya wuce ya ɓace. Nakan tsokane shi in ce wata rana kura za ta zo cikin rigar Baba ta cinye shi a tsugune.

Gonarmu tana gangare, a bakin kogi. A shekarar da nake ba da labari, ruwan farko ya zo da ƙarfi, kogi ya cika ya shafe shukarmu kaf. Da ruwa ya ja, maigida ya sake shuka dawa a makare. Ta yi kyau ƙwarai, don ambaliyar ta bar mata laka mai ƙarfi, amma tana bayan ta kowa. Masu gonakin tudu sun girbe, sun ɗaure, sun kai rumbu, tamu kuwa tana tsaye, in ka matsa ƙwayarta da farce sai farin ruwa ya fito. Raɓa kawai take jira, saura ƙiris. Dawar nan ita ce tuwonmu na shekara da ni da shi da yaranmu, ita ce kuma irinmu na baɗi. Ba mu da wata.

Ba mu kaɗai ba ne a gangaren. Akwai wani tsoho da kunnensa ya yi nauyi, da wasu mutum biyu da suke barorin mai gari, waɗanda ko an taka musu wuya ba za su ce uffan ba. Ke nan in za a samu wanda zai tashi ya ce a dakata da sakin dabbobi, maigidana ne. Kuma kowa ya san dokar: muddin aka yi shela aka shafa fatiha, dabbar da ta ci maka gona ta ci bulus, ba ƙara, ba ramuwa.

A daidai nan makiyaya suka sauko da shanunsu suna neman inda za su yada zango. Mai garinmu yana da manyan gonaki a tudu da suka gaji, shekara da shekaru ba taki. Yana so shanun su kwana a kansu su bar masa kashi. Makiyayan suka ce shanu ba sa jira, in ba a buɗe gonaki ba za su wuce gaba, wani garin ya samu takin. Ƙauyenmu yana da nasa mai shelar, wani dattijo mai tari, shi yake yi kowace shekara. Sai ga labari wai bana mai gari ya aika Birnin Kudu a ɗauko Baba. Mutane suka yi ta murna, wai an girmama gari. Ni kuwa da na ji, ban yi murna ba.

Da safe, maigida yana wasa lauje, na tsaya a kansa.

"Malam, ka san abin da ya sa aka tsallake mai shelarmu aka tafi har Birnin Kudu?"

"Ai Baba ya fi iya magana."

"Ruwa ba ya tsami banza. Kai aka ɗauko wa shi. Mai gari ya san kai kaɗai ne za ka tashi, ya kuma san mutum ɗaya ne a duniya ba za ka iya tashi a gabansa ba."

Ya ce in ji tsoron Allah, in bar zargin manya. Ya ce Baba ya san gonarmu, ya taɓa cin tumu a cikinta, ba zai yi abin da zai cuce mu ba.

"To, in ya yi fa? In ya ce akwai mai magana, ka miƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"A gaban surukina? A tsakiyar kasuwa? Ke, me za a ce da ni a garin nan?"

"Za a ce mai dawa."

Ya ci gaba da wasa laujensa.

Baba ya iso ranar kasuwa. Bai biyo ta gidanmu ba, abin da bai taɓa yi ba, kai tsaye ya sauka a gidan mai gari. Na ɗauki ƙwaryar fura na bi shi can, aka karɓi furar a ƙofa aka ce yana cikin maza. Da azahar ta wuce sai na ji gangarsa. Na bar daddawar da nake sayarwa a hannun wata maƙwabciya na matsa har inda mata suke iya matsawa. Yana tsaye a gindin tsamiya cikin wata sabuwar riga da ban san shi da ita ba. A bayansa mai gari ne a kan buzu, yana jan carbi. Maigidana yana can gefe a tsugune, takalmansa a hannu, idonsa a ƙasa.

Har yau ina iya maimaita shelar nan.

"Jama'a, salamu alaikum. Wa ya saukar da ruwan bana?"

Aka ce, "Allah!"

"Wa ya fitar da tsiro, ya cika zangarniya?"

"Allah!"

"Da ƙarfinku ne ko da dabararku?"

"A'a wallahi!"

"To, madalla. An ce a gaya muku, wanda aka yi wa alheri shi ma ya yi. Akwai bayin Allah da suka yi damina a ɗaure, ba su da bakin kai ƙara. Ga wanzaminku nan, an ce akuyarsa ta daɗe a turke har ta manta tafiya, in ya zo wucewa sai ta yi masa tsaki."

Kasuwa ta kwashe da dariya, wanzami yana rantsuwa ƙarya ne. Baba ya bari dariyar ta kusa kwanciya, sannan ya sassauta murya.

"Ƙasar nan kuma da ta ciyar da ku, ita ma tana jin yunwa. Gonar da saniya ba ta kwana a kai ba, jikanka ba zai gode maka ba. Ga baƙi Allah ya kawo mana da dukiyarsu har ƙofar gida. Tun da kowa ya kai amfaninsa rumbu, alhamdu lillahi, daga gobe an saki dabbobi. Akwai mai magana?"

Ban saurari bakinsa ba, hannunsa na duba. Yana hanyar sama.

Mutanen gangare suka juya suna kallon maigidana. Shi kuwa ya samu wani ɗan tsinke yana zane a ƙasa, kamar a cikin zanen nan za a girbe dawa.

Sai na ji bakina ya ce, "Baba!"

Mace ba ta magana a taron shela, na sani. Amma na faɗa, kuma da ƙarfi. Ya ji ni. Kada wani ya ce mini bai ji ba. Mutumin da yake tsinto raɗar da aka yi a ƙarshen kasuwa ya mayar da ita abin dariya, shi ne ba zai ji muryar 'yarsa ba? Na ga kafaɗarsa ta motsa. Bai juyo ba. Ya ƙarasa ɗaga hannuwansa ya ce, "Fatiha." Wata tsohuwa ta ja mini zane ta ce, "Ke, ana fatiha." Duk kasuwa ta shafa, har maigidana, da takalmansa a cinya. Ni hannuwana ba su ɗagu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a shelar nan, har yanzu da na tsufa, shi ne kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Allah ne ya saukar da ruwa. Dabbobi sun gaji da turke. Ƙasa tana son taki, wa zai musa? Da ƙarya ya cika ta da ita, da wani ya tsinto. Amma sai ya jera gaskiya kan gaskiya, ya saka ƙarya ƙwaya ɗaya a tsakiya, cewa kowa ya kai amfaninsa rumbu, ya lulluɓe ta da alhamdu lillahi don kada wani ya taɓa. Daga gindin tsamiyar da yake tsaye, in ya miƙa wuya, yana iya hango kan dawarmu tana kaɗawa. Waɗanda suka ce "haka ne" ma duk sun san da ita, ta nan suke bi zuwa kogi. Rumbunansu sun cika, shi ke nan, kunnensu ya toshe. Bai ce a jira ɗan lokaci ba, bai ce ban da gangare ba. Kalma kaɗan ce, kuma ya fi kowa sanin inda zai sa ta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, an ba shi riga ya yi askin, a kan 'yarsa.

Bai kwana a garin ba. Daga kasuwa ya kama hanyar Birnin Kudu.

Muka shiga gona da lauje muna yankan dawar da ba ta nuna ba. Me mutum biyu za su yanka? Washegari shanu suka sauko shan ruwa, hanyarsu kuwa ta cikin gonarmu. Ba na ganin laifin makiyayan. Wani dattijo a cikinsu da ya ga dawa a tsaye sai ya riƙe baki, ya ce, "Subhanallahi, ai ce mana aka yi an girbe." Ya kora nasa ya zagaya da su ta nesa. Amma garke ba ɗaya ba ne, kuma yaran da ke bin su ba duka suke da hankalinsa ba. Awakin gari ma sun fi shanun ɓarna, har da ta wanzami, wadda ashe ba ta manta tafiya ba. Ka kora ta gabas su shigo ta yamma. Maigida ya yi ta gudu da sanda har muryarsa ta dushe. Muryar da bai yi amfani da ita a inda take da amfani ba, ga ta nan ya ƙarar a kan awaki.

Abin da muka yanka ɗanye da ya bushe sai ya motse, wani ya yi fumfuna. Ko rabin rumbu bai kai ba. A can saman gonar, inda ƙasa ta ɗan tashi, akwai zangarniyoyin da suka riga suka nuna. Maigida ya zaɓe su ɗaya ɗaya, ya ɗaure dami guda, ya rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ya ce wannan iri ne, ko mutuwa za a yi ba mai taɓa shi.

Ranin nan mun ji jiki. Na yi kaɗi har yatsuna suka tsage, ina kai zare ana ba ni hatsi. Mun ci dusa, mun sha garin ɗorawa, da bazara ta matso muka koma ganye. Ƙaramin ɗana da na yaye a shekarar ya rame har nakan ji nauyin a gan shi. Yara sukan tsaya a ƙofar ɗakin girki su ɗaga kai suna kallon damin nan, in kore su. Mata suna shigowa jaje suna cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, ambaliyar kogi ƙaddara ce. Amma abin da aka zauna a zaure aka shirya, aka aika har Birnin Kudu aka ɗauko masa baki, a ce mini in kira shi da sunan da ake kiran ambaliya? Nakan ci gaba da murza mazarina kawai. Inna ta riga ta rasu a lokacin, ba ni da wanda zan tauna maganar da shi.

Da hadari ya fara haɗuwa, ruwan shuka ya kusa, sai ga Baba an sake ɗauko shi, wannan karon don shelar ɗaure dabbobi. Gonakin mai gari sun yi baƙi ƙirin da taki, dole a kare su. Na je na ji. Wallahi ban taɓa jin ya yi magana mai daɗin ta ranar ba.

"Jama'a, manomi ba ya shuka hatsi, guminsa yake shukawa. Wanda ya bar dabbarsa ta ci tsiron ɗan'uwansa, abincin bakin 'ya'yan wani ya ɗauke. Kada ka ce ai kaɗan ne. Haƙƙi ba shi da kaɗan, kuma akwai ranar da za a tambaya."

Aka yi ta "haka ne, haka ne". Maigidana ma na ga leɓensa yana faɗa. Da Baba ya zo kan "Akwai mai magana?" sai ya sauke hannu, ya shafa gemu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya jira, ya sake jira. Da zan kawo tukunya in ɗora a lokacin, da ta tafasa kafin ya ce fatiha. Na ji kamar in yi ihu.

Ranar sai ya biyo ta gidanmu. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Maigida ya gaishe shi daga waje a tsugune, sannan ya zagayo cikin gida. Abin da ke kan wuta ranar ganyen tafasa ne da ɗan ƙuli. Ya leƙa tukunya, ya dube ni, ya shiga ɗakin girki. Sai na ga ya ɗauko turmi ya taka, ya miƙa hannu rufi.

"Malam, me za ka yi?"

"Ba a ba suruki ganye."

"Iri ne fa. Kai ka ce ko mutuwa za a yi."

"Allah zai kawo wani. Ki daka."

Yaranmu sun yi rani suna kallon damin nan ba su taɓa ba. Na dube shi, na dubi damin a hannunsa. Da farko na yi niyyar in ƙi. Sai kuma wani abu ya zo mini, na karɓa. Na sussuka, na sheƙe, na surfa, na niƙa da hannuna har garin ya yi laushi. Na tuƙa tuwon da ban taɓa tuƙa irinsa ba, na kaɗa miyar kuka da sauran daddawar da nake ɓoyo. Ina so ya ci, ina so kuma ya ji daɗinsa.

Na kai masa zaure na durƙusa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma, ya ƙara. Fuskarsa ta saki.

"Uwata, hannunki na nan yadda na san shi. Wannan dawa ta ina ce? Rabona da tuwo mai ɗanɗano haka na manta."

"Ta gonarmu ce ta bakin kogi, Baba. Abin da shanu suka rage. Irin da za mu shuka ne kake ci."

Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Ya daɗe a haka, miya tana bin yatsunsa.

"Ni baki ne kawai, uwata," ya ce a hankali. "Abin da aka ce in faɗa nake faɗa."

"Na kira ka ranar, Baba."

Ya kawar da kai yana kallon ƙofar zaure.

"Ka ji ni?"

Na jira shi yadda yake jiran mutane in maganar ba ta taɓa kowa ba. Na ba shi duk lokacin da bai ba ni ba. Mutumin da ya cika kasuwannin ƙasar nan da magana, i ko a'a ta gagare shi. Ya zare hannunsa, ya jawo faifai ya rufe akushin, ya wanke hannu. Ya laluba aljihu kamar yadda ya saba in zai ba ni goriba, sai kuma ya fasa. Ya rataya gangarsa ya fita. Maigida yana ƙofar gida a tsugune yana yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Na kira yara na buɗe musu akushin. Suka cinye tas, har suka lashe gefe. Tuwo dai ba ya komawa iri.

Maigida ya shigo ransa a ɓace, ashe ya ji komai ta bayan zana. Iska ta fara kaɗawa, ana jin ƙamshin ruwa daga gabas, maƙwabta suna ta fito da sungumi suna gyarawa.

"Kin kyauta ke nan?" ya ce. "A gidana, a gaban surukina? Yau kin ba ni kunya."

Na ce, "Kunya ai ita kaɗai ce ta cika mana rumbu bana, Malam. Ga ruwa nan tafe. Ɗebo ta mu je mu shuka."